Kukan Birkin Motar Baffa

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ni ma a shekarar na samu aikin da na fara zama a cikinsa. Kafin nan babu inda ban leƙa ba. Makaranta na bar ta tun ina ƙaramin aji a sakandare, don zaman benci ƙaiƙayi yake sa min. An kai ni ɗinki na gudu. An kai ni gyaran rediyo na gudu. Na yi tallan kaset, na yi kwandasta a motar haya, a can ma na koyi tuƙi in direban ya tafi cin abinci. Baba ya gaji da ni. Ya ce saura wuri ɗaya, in na watsar da shi to ƙauyen kakanninmu zai tura ni, in je in bi shanu tunda tafiya nake so.

Wurin nan ɗaya shi ne wajen Baffa, yayan Baba. Yadi da shadda yake sayarwa a kasuwar Kurmi, gidansa kuma a Kabara, can cikin lungu. Yana da wata tsohuwar farar mota doguwa wadda ta girme ni. Direbansa na shekara da shekaru ya bar shi a lokacin, wani da ya ci zaɓe ya ɗauke shi da sabuwar mota mai sanyi. Shi ne aka ce in gwada.

Baffa bai yarda da ni ba, kuma bai ɓoye ba. Da safe zai zaro mukulli daga aljihun 'yar cikinsa ya miƙo min. Da yamma ina kashe mota zai buɗe tafin hannu, ko kallona ba ya yi, in ɗora masa.

"Ran da mukullin nan ya kwana a aljihunka, ka zama direba," in ji shi. "Ran da na hana ka shi da safe kuma, sai ka je ka nemi sanda da malfa."

Ni da na saba da titi, ina ganin tuƙi gudu ne. Ashe tuƙin Baffa gaisuwa ce. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba wani nisa ba ne, amma babu dakalin da za ka wuce ba dattijo a kai. Kuma gaisuwar hawa-hawa ce. Akwai wanda hannu kawai Baffa zai ɗaga masa, wannan ba ruwana da birki. Akwai wanda zan ɗan taɓa birki, Baffa ya leƙo ya ce barka da hantsi, mu wuce. Akwai na tsayawa cak, a tambayi iyali da gajiya. Akwai kuma irin su Liman, wanda sai an kashe mota Baffa ya sauko. Ba ya gaya min wane ne wane. Gyaran murya kawai yake yi daga baya, ni kuma in gane nauyinta.

Ga shi kuma siyasa ta dawo. Mutumin da bara hannu ake ɗaga masa, bana ya zama shugaban mazaɓa ko sakataren wani abu, dole a ɗan taɓa masa birki. Ba a jima ba motar ta fara gurzar ƙarfe in na taka.

Bakaniken Baffa wani Babarbare ne, sa'ana, garejinsa a gindin wata bishiyar darbejiya wajen Ƙofar Wambai. Mu kuma asalinmu Fulani ne, don haka ba ma haɗuwa sai da tsiya. Ya cire taya ya zaro fatar birkin, wato 'yan falankan nan biyu da suke matse faifan ƙarfe in an taka, ya ɗaga min ita a rana. Ta zama kamar ɓawon albasa.

"Kai ɗan Fillo, da me kake tuƙin nan? Da kofato?"

"Ubangidanka ne ke gaisuwa, bawana. Je ka tambaye shi."

Baffa yana zaune a benci yana jan carbi. Aka nuna masa. Ya juya ta, ya ce ai ba a daɗe da sakawa ba.

"Alhaji, lungu ne ke cin ta," in ji Babarbare. "Ba titi ba."

"Siyasa ce ke cin ta," Baffa ya ce. Ya juyo wajena. "Je ka sayo wadda ba ta cinyewa. Ka ji ni? Wadda ba ta cinyewa."

Ba a zuwa sayen fatar birki hannu sake, sai ka riƙe tsohuwar, don a gwada baki da baki. Na naɗe ta a takarda na shiga layin masu kayan mota. Mai shagon da Babarbare ya kwatanta min wani dattijo ne mai jan gemu, yana cin gyaɗa. Ya karɓi tsohuwar, bai ko tashi ba, ya miƙa hannu baya ya jawo kwalaye ya zube a kan tebur.

"Wannan ta kamfani ce, da irin ta motar ta zo. Alhajinka ba zai saya ba, na san shi. Wannan Beljiyam ce, daga jikin wata motar aka ciro ta a Turai, wani ya ci rabi ya bar maka rabi. Waɗannan biyun sababbi ne, Taiwan. Ga mai taushi, ga mai tauri."

Ya kankari mai taushin da farce, baƙin gari ya fito. Ya ce wannan tana kamawa shiru, sai dai tana baƙanta taya kuma ba ta daɗewa. Ya ɗauki ɗayar, tana ƙyalli kamar an barbaɗa mata garin ƙarfe, ya buga ta da 'yar uwarta, ta yi ƙara kamar cokali.

"Wannan kuma sai ka gaji da ita."

"Ita aka aiko ni."

"To. Amma tana da baki fa."

"Baki kamar yaya?"

"Za ka ji," ya ce, ya watsa gyaɗa a baki.

Babarbare ya saka ta, ya ce kada in kuskura in motsa sai na tattaka birkin ya yi tauri a ƙafata, kuma in bi ta a hankali kwanakin farko har ta saba da faifan. Ranar lafiya lau muka koma gida. Washegari ma haka. Rana ta uku da safe, mun zo daidai dakalin wani Alhaji mai sayar da goro, Baffa ya yi gyaran murya, na taɓa birki.

Ƙiiiiii.

Wallahi akuyar da ke kwance a gindin katanga sai da ta miƙe. Alhaji mai goro ya dafe hularsa. Baffa ya leƙo ya ce barka da hantsi kamar bai ji komai ba. Da muka wuce ya ce, "Mene ne wannan?"

"Wadda ba ta cinyewa ce, Baffa."

Ya gyara zama, muka ci gaba.

Abin da ban gane ba sai daga baya, kukan nan ya tona mana asiri. A da gaisuwar Baffa tsakaninsa da wanda ya gaisar ce. Yanzu duk lungu yana jin tsawon abin da kowa ya samu. In na ɗan taɓa, ta yi ƙit. In na tsaya cak, ta ja dogo. Mata a cikin gida suna jin mu tun daga bakin lungu, suna cewa ga shi can a ƙofar wane, yanzu ya zo ta wane. Matar Baffa, Hajiya, ta ce ita kam ta gode, don da ta ji kukan farko take ɗora ruwan shayi. Yara suka sa wa motar suna Amarya, wai ba ta shiga lungu sai da guɗa. Wani mai kanti ya tare ni a masallaci yana dariya, ya ce, "Yau ƙit kawai na samu, ɗan Alhaji. Me na yi muku?"

Duk wannan wasa ne. Inda abin ya ɓaci shi ne ƙofar gidan sabon kansila.

Kansilan nan yaro ne a unguwar, a da ma tare muke sayar da kaset. Aikin farko da ya yi da ya hau shi ne rufe kwatar da ta ratsa lungu a ƙofar gidansu. Aka zuba siminti, amma aka yi shi da tudu kamar kabarin ƙato. Motar Baffa kuwa doguwa ce kuma ta zauna, in ban rage gudu sosai ba sai cikinta ya daki tudun. Don haka kullum in na zo wurin sai na danne birki, ita kuma ta ja kuka mafi tsawo a duk lungun, wanda ko Liman ba ya samu. Magoya bayan kansila da ke zaune a tabarma sai su miƙe su dunƙule hannu.

"Sai Alhaji! Alhaji ya gaishe mu! Alhaji namu ne!"

Baffa kuwa ko jam'iyya ba shi da ita. Dole dai ya ɗaga musu hannu, tunda ba a wuce mutum yana gaishe ka.

Gida na gaba da na kansila shi ne na Malam mai wankin hula, aminin Baffa tun suna yara. Shi ke wanke wa Baffa huluna tun kafin a haife ni. Idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ke yin wankin, shi kuma yana zaune can cikin zaure yana shafa kowace hula da hannu kafin a ba mai ita. Ba ma tsayawa a ƙofarsa ranar aiki, don gaisuwarsu ba ta ƙarewa, in suka fara sai azahar. Ranar Juma'a Baffa yake takawa da ƙafa su sha hira. Haka suke tun da can, kuma da motar tana wucewa shiru babu wanda ya damu. Ga shi kuma Malam ɗan ɗaya jam'iyyar ne, wadda ta faɗi a mazaɓar, kuma har lokacin bai huce ba.

To yanzu yana zaune a zaure, safe da yamma, yana jin motar amininsa ta ja doguwar gaisuwa a ƙofar yaron da ya kayar da su, ana ihun Alhaji namu ne, sannan ta wuce ƙofarsa ko tari babu.

Wata safiya ina goge gilashi sai ga babban ɗan Malam da ƙullin huluna. Ya durƙusa ya gaishe da Baffa, yana ta sunkuyar da kai. Baffa ya kwance ƙullin. Hulunan suna nan yadda aka kai su, da dauɗarsu.

"Lafiya? Ruwa ne babu?"

"A'a, Baba. Cewa ya yi..."

"Faɗi mana."

"Cewa ya yi a kai wa kansila ya wanke."

Dariya ta taso min, na danne ta da tsumman hannuna. Baffa bai yi dariya ba. Ranar Juma'a ya taka ya je kamar kullum, aka ce masa Malam yana barci. Malam da ba ya barcin rana. Ya dawo ya zauna a dakali da hula mai dauɗa a kansa, ya kira ni.

"Kai ka jawo min wannan."

"Baffa, ai tudun ne. Kuma fatar, kai ka ce..."

"Ƙafarka ce. Wancan direban shekara nawa yana bin lungun nan, ban taɓa ɓatawa da kowa ba. Kai ba ka iya tafiya a hankali ba, sai ka taho a guje sannan ka danne. Ka gyara, ko in gaya wa ubanka ya nemo maka sandar."

Na so in ce lokacin wancan direban babu tudu babu kansila, amma na ga fuskarsa na haɗiye.

Na koma wajen Babarbare. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabtansa ya ba su labari, sannan ya cire fatar. Ya goga fuskarta a kan siminti, ya ɗan zaftare gefunan da zarto, ya shafa mata man giris a baya. Ya ce wannan zai rufe mata baki. Ya kuma nuna min faifan, ya sa yatsana a kai, na ji ya fara yin layi-layi.

"Ka gani? Ita ba ta cinyewa, shi take ci. Gaya wa Alhaji ya sa mai taushi ya huta."

Na gaya wa Baffa. Ya ce fatar da ko wata ba ta yi ba ba zai zubar da ita ba, kuma kada in sake kawo masa maganar. Bakin nata kuwa kwana biyu ya yi a rufe. Rana ta uku, a daidai tudun kansila, ta dawo da muryar da ta fi ta da.

"Sai Alhaji!"

Na ga Baffa ta madubi ya rufe ido.

Da yamman nan na zauna a bayan motar ina tunanin shanu. Ban taɓa kiwo ba, ko sunan kalolinsu ban sani ba. Sai maganar Baffa ta dawo min, wai ina tahowa a guje sannan in danne. Haushi ta ba ni da ya faɗa, amma da na auna sai na ga hanya a cikinta. In ban taho da gudu ba, me zai sa in taka birki a tudun? Motar ai ba ta kuka sai an taka.

Washegari bayan na sauke Baffa a bakin kasuwa, maimakon in je shan rake da 'yan acaba kamar yadda na saba, sai na tafi wani fili bayan ganuwa inda akwai kunya-kunyan tsohuwar gona. Na sa giyar farko, na ɗauke ƙafa daga totur, na bar motar tana tafiya da kanta. Wayyo. Ban taɓa sanin akwai azaba irin wannan ba. Wata tsohuwa da itace a ka ta wuce ni, har ta waiwayo ta ce ko mai ne ya ƙare. Ƙafata tana neman totur, ina hana ta. Na hau kunya na sauka, na hau na sauka, ina riƙe ta da kuloci, har na gane daidai inda za ta haye ba ta mutu ba kuma cikinta bai taɓa ƙasa ba. Na kuma koyi ɗayan abin: in ka ɗora ƙafa a birkin sama-sama, ba ka danne ba, kukan ya fi tsawo kuma ya fi zaƙi.

Ban gaya wa Baffa komai ba. Da la'asar na ɗauko shi. Tun daga bakin lungu na sauko giyar farko. Muka shiga muna rarrafe. Masu dakali suka samu gaisuwarsu ba tare da na taɓa komai ba, don tafiyar da muke yi ko mutum zai tambayi lafiyar kakarka yana da lokaci. Baffa ya ce, "Lafiya motar?" Na ce lafiya.

Muka doshi tudun. Magoya bayan kansila sun ga mota, har sun fara gyara zama za su miƙe. Tayar gaba ta hau, ta sauka. Ta baya ta hau, ta sauka. Shiru. Wani ya riga ya ɗaga hannu, ya rasa abin da zai yi da shi, sai ya sosa ƙeya.

Muna sauka na ɗan ba ta wuta kaɗan, don in samu abin da zan tsayar. Daidai ƙofar Malam mai wankin hula na ɗora ƙafa sama-sama.

Ƙiiiiiiiiiiii.

Na ja ta, na ja ta, har sai da tattabarun kan soro suka tashi. Sannan na kashe mota, abin da sai Liman ake yi wa.

Baffa bai yi gyaran murya ba, bai kuma ce in tayar ba. Muka zauna. Can sai murya ta fito daga cikin zaure.

"Wane ne wannan zai kashe min kunne? Idon ya tafi, kunnen ma ba za a bar min ba?"

Baffa ya buɗe ƙofa ya sauko. "Mai hula mai dauɗa ne."

"Gidan kansila na baya. Kun wuce shi."

"Mun gan shi. Tudunsa ma mun gan shi. Kai da kake zaune a nan, ba wanda ya gaya maka yaron nan ya gina kabari a tsakiyar hanya?"

"Wane kabari?"

Ashe bai sani ba. Tunda aka yi tudun bai bi ta wajen ba, masallacinsa ta ɗaya gefen yake, 'ya'yansa kuma ba su ga abin faɗa a ciki ba. Baffa ya kamo hannunsa ya fito da shi, tsofaffi biyu suna tafe suna faɗa, ya kai shi har kan tudun. Malam ya taka shi da ƙafa, ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Magoya bayan kansila suna kallo.

"Wannan ne aikin?" ya ce da ƙarfi, don su ji. "Wannan muka faɗi zaɓe a kansa? To Allah ya sa albarka. Ko jaki sai ya yi salati kafin ya haye."

Har su sai da suka yi dariya. Ya juyo wajen motar. "Ina yaron da ke tuƙin?"

Na fito na durƙusa. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Kai ne wanda ba ya zama wuri ɗaya?"

"Ni ne, Baba."

"To gobe ma in ji irin ta yau. Kada ka rage min ko kaɗan. Kuma ka kawo hulunan nan, ina jin warinsu tun daga nan."

Suka shiga zaure. Na zauna a kan bonet ina jira, aka yi magariba, suka fito suka yi salla suka koma. Da can da tuni na sulale na tafi majalisa. Ranar ban tafi ba.

Fatar nan mun yi wata da watanni da ita, kullum giyar farko a lungu, kullum doguwar guɗa a ƙofar Malam. Daga ƙarshe ta cinye faifan kamar yadda Babarbare ya faɗa, aka sake shi, Baffa da bakinsa ya ce a sa mai taushi. Malam ya yi ta mita wai an sace masa gaisuwa, sai da na koma danna masa hon.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, da hirarsu ta ƙare, na ƙarasa da Baffa ƙofar gida na kashe mota. Na zaro mukulli na juya ina jiran tafin hannu. Ya sauko, ya gyara babbar riga, ya nufi zaure.

"Baffa, mukullin."

Bai waiwayo ba.

"Ka zo da wuri," ya ce. "Za mu biya mu ajiye huluna."